Waiwaye: Motar Lantarki Ba Baƙuwa Ba Ce

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, majalisar da ka zauna sai ka ji zancen motar lantarki. Wasu sun ce ita ce mafita, wasu sun ce abin 'yan gayu ne da aka ƙirƙiro jiya. Sai dai motar nan ta girmi kakannin yawancinmu.

A 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙera batirin da ake iya sake masa caji. Zuwa 1897 tasi masu batir na jigilar fasinja a Landan da New York. A 1899 Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya zama na farko da ya haura gudun kilomita 100 a awa ɗaya a mota, kuma da motar lantarki ya yi. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka batir ke jan su.

To me ya kayar da ita? Akan ce arhar Model T ce, motar fetur ta kamfanin Henry Ford, wadda ta fito a 1908. Gaskiya ne, amma akwai abin da ake tsallakewa.

A wancan zamani, tayar da motar fetur aikin ƙarfi ne. Sai ka tsaya gaban mota, ka zura wani lanƙwasasshen ƙarfe, ka yi ta murɗawa kana gumi. In injin ya yi tutsu, ƙarfen ya dawo ya karya maka hannu. Shi ya sa mata da likitocin birni suka fi son ta lantarki: ka hau ka tafi, ba hayaƙi, ba ƙara. Hatta Clara, matar Henry Ford, motar lantarki ƙirar Detroit Electric take tuƙawa.

A 1912 aka fara sa wa motocin Cadillac sitata mai tayar da inji da batir, ƙirar Charles Kettering. Wato motar fetur ta ari ɗan batir, ta raba kishiyarta da babban abin da take tinƙaho da shi. Daga nan gasar ta koma kan tambaya ɗaya: wacce za ta kai ka ƙauye ta dawo da kai? Fetur kana iya ɗaukarsa a galan. Caji kuwa sai inda waya ta kai, kuma har farkon shekarun 1930 gona ɗaya ce kacal cikin goma ke da wuta a Amurka.

Nan ne hankalina ya fi tsayawa, domin batirin yau ya yi wa na Planté fintinkau, amma direban da zai tashi daga Kano zuwa Nguru har yanzu sai ya tambayi inda zai samu wutar da zai jona.