Sitaj: lokacin da ɗalibin malanta ke fita koyon aiki a aji

Duk mai ɗa ko ƙane a makarantar horar da malamai ta Bawa Jan Gwarzo, nan Maraɗi, ya san lokacin da ake cewa "sun fita sitaj". Iyayen yaran firamare su ma labarin na iske su, domin wata rana yaro zai dawo daga lakwal ya ce yau baƙon mushe ya yi musu lissafi, nasu mushen na zaune can baya yana rubutu. Sitaj shi ne lokacin da ɗalibin malanta ke barin bencinsa ya tafi makarantar da yara suke, ya koyi koyarwa a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi riƙe alli.

Ba a damƙa masa aji tashi ɗaya. Da fari kallo yake yi: yadda mai aji ke kiran suna, yadda yake raba allo, yadda yake sa yara su ɗaga allunansu ya duba amsa cikin ƙiftawar ido. Daga nan a ba shi darasi ɗaya ko biyu, ya rubuta shirinsa a takarda, mai aji ya duba ya gyara kafin ya tsaya gaban yara. In an tashi su zauna a yi masa bita: nan ka yi sauri, nan ka yi ta magana da 'yan gaba ka mance 'yan baya. A ƙarshe sai a bar masa aji gaba ɗaya, malaman makarantarsu su zo su gani su ba shi maki.

Wato aikin na hannu uku ne: makarantar da ta turo ɗalibi, makarantar da ta karɓe shi, da sufeto da mashawartansa masu kula da yankin. Wannan shi ne abin da ake nufi da haɗin gwiwa tsakanin manyan makarantu da ƙanana. Kamar ɗalibin likita ne da asibitin koyarwa. Ba mai yarda a yi masa tiyata da hannun da littafi kawai ya sani.

A ganina, cikin ukun nan wanda ya fi kowa tasiri shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato malamin da ke karɓar ɗalibi a ajinsa. Abin da ɗalibi ya ga wannan malami na yi, shi zai ɗauka ya tafi da shi ƙauyen da aka tura shi, ba abin da ya kwafa a kaye ba. In mai aji ɗan bulala ne da "ku maimaita bayana", to an haifi wani irinsa. In kuma ya ɗauki zuwan ɗan sitaj a matsayin hutu, ya miƙa masa alli ya koma gindin bedi, makonni sun tafi a banza. Iya koyar da yara daban, iya koya wa babba yadda ake koyarwa daban. Na biyun shi ma sai an koye shi, kuma nan ne babbar makaranta ke da abin bayarwa: ta zaɓi masu karɓar ɗalibai da kyau, ta horar da su, ta riƙa jin ta bakinsu in za ta gyara darussanta. Haɗin gwiwar da ya tsaya a wasiƙar "ga ɗalibanmu nan tafe" suna ne kawai.

To ina jami'a a wannan magana? A Yamai, babbar makarantar malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni ce ke horar da malaman kwaleji da lise, da sufetoci da mashawarta. Tamu ta nan, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da aka kafa a 2010, ƙarfinta na wajen kimiyya da noma da kiwon lafiya. Sai dai da yawa cikin masu gama lissafi ko kimiyya aji suke ƙarewa, da kwantiragi ko da hidimar ƙasa, sun san darasin amma ba su taɓa tsayawa gaban yara ba. A Finland kuwa jami'o'i na da makarantun kansu inda ɗaliban malanta ke gwaji, kuma tun 1979 malamin firamare sai da digiri na biyu. Ba mu da kuɗinsu, amma kwalejojin da ɗalibin jami'a zai je ya zauna a bayan aji ba su yi wa garin nan kaɗan ba.

Abin ya wuce maganar ado. Lokacin da aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawa a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. An yi ta zargin malaman, amma ai da yawansu an ɗauke su ne cikin gaggawa, ajujuwa na ƙaruwa, ba tare da isasshen horo ba.

Akwai kuma tambayar inda ake yin sitaj ɗin. Ɗalibin da ya yi gwajinsa a ajin siminti mai benci a tsakiyar gari, ranar da aka tura shi wani ƙauye bayan Dakoro ko Mayahi zai iske ajin zana da ba a kafawa sai an yi girbi an samu kara, yara zaune a ƙasa, wani lokaci aji biyu a hannun malami ɗaya. Ya kamata ya ɗanɗana wannan tun akwai mai gyara masa. Haka harshe: tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa. Yaron da ke shiga CI, ajin farko na firamare, a Maraɗi da Hausa yake zuwa, amma jin Hausa bai isa ya sa malami ya iya koyar da karatu da lissafi da ita ba. Sai ya ga ajin da ake yin haka, ya gwada da kansa, don haka jerin makarantun da ake tura 'yan sitaj ya kamata ya ƙunshi masu koyarwa da harshe biyu.