Tokar ɓuntun shinkafa a cikin siminti: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Ina aiki a ɗakin gwajin kayan gini na wata jami'a a nan Kebbi. Tun da aka ji muna bincike kan ɓuntun shinkafa, tambayoyi iri ɗaya nake amsawa a kasuwa, a wurin ɗaurin aure, har a ƙofar masallaci. Don Allah a karanta wannan kafin a sake bugo mini waya.

Mece ce kimiyyar kayan ƙira?

Nazarin abin da ake yin abubuwa da shi: ƙarfe, yumɓu, roba, gilashi, siminti. Me ya sa wannan ke karyewa, wancan ke lanƙwasa. Shi ke nan.

Aikin wane sashe ne?

Ba na sashe ɗaya ba ne. Masanin sinadarai ya faɗi abin da ke cikin toka, masanin fiziks ya duba yadda ƙwayoyinta suka jeru, injiniyan gini ya murƙushe bulon a na'ura ya ga ƙarfinsa.

Me ya sa ɓuntu?

Je bayan kowane injin casa ka ga tsibinsa. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, ga kuma manyan kamfanonin casar shinkafa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Idan aka ƙona ɓuntun daidai, fiye da kashi 85 cikin 100 na tokar wani sinadari ne mai suna silika, wanda ke haɗuwa da farar ƙasar da siminti ke saki bayan an kwaɓa, ya ƙara ɗaure kankare.

Ni mai buga bulo ne. In zuba toka in rage siminti?

Maigida, zauna mu yi magana a hankali. Yana yiwuwa, amma ya danganta da tokar. Wadda muke nema ita ce wadda ta ƙone a zafin digiri 600 zuwa 700 na ma'aunin Celsius, da isasshiyar iska, ta fito fari-fari ko ruwan toka mai haske. Baƙar da kake kwasowa a juji gawayi ne ya cika ta, ruwa za ta sha ta raunana maka bulo. Idan kuma wuta ta wuce digiri 800 ta daɗe, silikan ya sauya kama ya zama kamar yashi, ba ya wani aiki, ko da tokar ta yi fari fat. Ka ga ke nan launi kaɗai ba hujja ba ne.

Ko mai kyau ce, sai an niƙa ta ta yi laushi kamar garin simintin kansa, an tankaɗe. Sannan kashi 10 ne ake farawa da shi, wato a madadin kilo ɗaya cikin goma na siminti, a awon nauyi, don toka ba ta da nauyi, kwanon sarki zai yaudare ka. Wasu gwaje-gwaje sun kai kashi 20, ni dai ba zan ce ka fara daga nan ba. Bulon kan yi jinkirin yin ƙarfi a makon farko, yana buƙatar ban-ruwa sosai, abin da yawancinku ba ku yi ko da siminti zalla. Wanda ya riga ya saba fitar da bulo fiye da kima a buhu guda, kada ma ya taɓa toka. Ginshiƙi da dakin (rufin kankare) kuwa, babu ruwanka da su sai da injiniya. Ka sa wa yaranka takunkumi, ƙurar silika tana lalata huhu.

Kakanninmu sun yi gini ba gwaji, me ya sa sai mu?

Wannan maganar tana ɓata mini rai. A 2010, a Anka da Bukkuyum da ke Zamfara, mutane sun riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidajensu, ba su san yana ɗauke da dalma ba. Yara fiye da 400 suka rasu. Ido ba ya ganin abin da ke cikin dutse ko toka.

Kamfanoni na karɓar sakamakonku?

Kaɗan. Mu ƴan kilo muke ƙonawa a ƙaramin tanderu, kamfanin siminti kuwa tan-tan yake so, iri ɗaya kullum. Cike wannan giɓin na cikin dalilan kafa RMRDC, hukumar bincike da bunƙasa kayan da masana'antu ke sarrafawa, a 1987. A ganina masu casa da masu bulo na cikin gari ne ya kamata mu fara haɗa hannu da su.

Me zan kawo don gwaji?

Toka busasshiya a leda, da bulo shida na kwaɓi ɗaya, an rubuta ranar bugu. Kwantar da hankalinka, ba za mu ƙwace maka sana'a ba.

Ba za a ba ni sakamako gobe ba?

A'a. Kwana 28.