Wa ke rubuta sunayen? Waiwaye kan malamin gona a Kebbi

A tsakiyar shekarun 1970 ne Bankin Duniya ya sa kuɗi aka buɗe ayyukan bunƙasa noma guda uku na gwaji a Arewa: Funtuwa, Gombe da Gusau. Lokacin Gusau da Birnin Kebbi jiha ɗaya suke, sai a 1991 aka yanki Kebbi. Da tsarin ya bazu, nauyinsa ya koma kan mutum guda, malamin gona. A ba shi babur, a yi masa bita duk mako biyu, ya zaga ƙauyuka. A takarda, darasin da ya ɗauko zai kai. A ƙasa kuwa shi ke zaɓar gonar da za a yi gwaji, kuma ya san in ba ta mutumin da ake jin maganarsa ba ce, babu mai leƙawa.

Kuɗin bankin suka ƙare, babura suka tsufa, man zuwa ƙauye ya koma aljihun malam. Aka daina ɗaukar sababbin malaman gona.

A 2012, zamanin ministan noma Akinwumi Adesina, aka ce an gano maganin 'yan tsakiya masu shiga tsakanin takin gwamnati da manomi: saƙon taki zai shigo wayar manomi kai tsaye, buhu biyu a rabin kuɗi. Dabara ce mai kyau, kuma wasu sun amfana. To amma wa ya cike fom ɗin rajistar? Malamin gona. Dattijon da ba shi da waya, ko ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, a wurin rabo ake yanke musu hukunci. Wani ma'aikacin ya duba fuska ya ce, “Baba, na san gonarka, kawo katinka.” Wani ya ce babu saƙo, babu taki. Doka ɗaya, rumfa biyu.

Sai Nuwamban 2015, da Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen Anchor Borrowers na Babban Banki. Shinkafa ta samu gata, har aka kai ga Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a ƙarshen 2016. Nan ma komai ya rataya ga jerin sunaye: wa ke da fili a fadamar Argungu ko Suru, hekta nawa, wace ƙungiya. Inda malam ya taka ƙafa ya auna, rance ya je ga mai tsayawa a ruwa. Inda aka miƙo masa jeri daga sama, ya sa hannu don gudun canjin wurin aiki, sai ga manoman da ko lauje ba su taɓa riƙewa ba. Ba mamaki da yawa suka ɗauki kuɗin a matsayin rabon gwamnati, biyan bashin ya zama jan aiki.

Yanzu a yankin Zuru da sassan da ke iyaka da Zamfara, 'yan bindiga sun ƙara rage masa tafiya. Ƙauyen da malam ke tsoron shiga, ta waya ake karanto masa sunayen manomansa.