Don Allah ku daina barin ragar iri a buɗe da magariba

A cikin mako biyun nan lambu huɗu aka kira ni, kuma duk inda na je maganar ɗaya ce, kan ragar da muke rufe bedin iri da ita don tare ƙwari: "Malam, ragar nan da ka sa muka kashe wa kuɗi ba ta aiki."

Na ƙarshen wani dattijo ne da nake ganin girmansa ƙwarai, tun ban san hannun damana ba yake noman rani. Na isa lambunsa da sassafe, raɓa ba ta gama bushewa ba. Tun daga nesa na hango inda gizo ke saƙa. Rumfar na nan tsaye a kan bedin irin tumatir, an yi ta da kyau ba laifi, amma gefe guda na ragar an ɗage shi an ɗora a bisa, kamar yadda mutum ke naɗe hannun babbar riga a kafaɗa. Na ce, "Baba, tun yaushe take haka?" Ya ce jikansa ne ya ba da ruwa jiya bayan la'asar, da ya ji kiran magariba sai ya ruga, ya manta. Na tsinko ganye ɗaya na ɗaga shi saitin rana. Ga farin tabo nan kamar takardar da mai ya taɓa, ga baƙin ɗigo-ɗigo a ciki, kashin sharon ke nan, tsutsar nan mai cinye tumatir, ita kuma tana kwance abinta tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na ce, "Baba, wannan ba aikin daren jiya ba ne. Ƙwan sharon yakan yi kwana huɗu zuwa shida kafin ya ƙyanƙyashe. Ashe an saba barin ta a buɗe." Ya yi shiru. Can ya ce, "To, wani lokaci."

Wannan "wani lokacin" shi ne yake cinye mana iri.

Babu manomin tumatir da zai ce ya manta da 2016. Sharon ta shiga Kano da Jigawa da Katsina da Filato, ta kai gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya saboda babu abin da za a kai mata. Mata suka koma miya da busasshen kauɗa da tumatirin gwangwani. Ƙwaron da ya yi wannan aika-aikar, wanda Turawa ke kira Tuta absoluta, asalinsa daga Kudancin Amurka yake, a 2006 aka fara ganin sa a Sifen, daga nan ya tsallako Afirka. Uwar tsutsar wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka. Da rana tana maƙale a ƙarƙashin ganye, ba ta tashi yawo sai rana ta faɗi. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200. To ku duba mini: lokacin da ɓarawon yake fitowa, daidai lokacin ne kuke buɗe masa ƙofa ku tafi gida. Washegari da hantsi kuma a zo a ja ragar a rufe, a danne da dutse. Me aka rufe? An rufe ɓarawo a cikin rumbu, an kuma kare shi daga tsuntsu da gizo-gizon da za su cinye shi.

Ni ba na ƙin ku da faɗa, wallahi. Na san abin da noman rani yake ci. Na san kuɗin man injin ban-ruwa, na san kuɗin ɗan gwangwanin iri mai kyau, na san mutum yana yini a fadama ya dawo ko ƙafarsa ba ya iya ɗagawa. Shi ya sa abin yake yi mini ciwo. Ka sayi raga, ka sari gora, ka yini kana kafawa, sannan don minti biyu na mayar da gefe ka mai da aikin shuka a idon makwarwa. Daga nan sai a koma gidan jiya: a haɗa magani uku a jarkar feshi ɗaya, a yi ta kwarara wa ɗan tsiron da bai kai sati biyu ba, babu takunkumi, babu safar hannu. Tsutsar kuwa tana cikin ganye, yawancin maganin ko taɓa ta ba ya yi. Kai ne kake shaƙa.

Wani ya ce mini ai zafi yake gudu, kada irin ya dahu a ciki. Na ji wannan, kuma ba ƙarya ba ne, raga mai ƙananan ido tana riƙe zafi. Amma wane zafi ne da magariba? A Jamhuriyar Benin an gwada raga a kan kabeji, suna buɗewa da rana saboda zafi, suna rufewa tun da yamma har gari ya waye, domin ƙwaron kabejin ma da dare yake ƙwai, kuma abin ya yi musu aiki. Mu kuma mun juya shi, muna rufewa da rana muna buɗewa da dare. Irin tumatir kam ko da ranar ma ban yarda a bar shi a buɗe ba, saboda farin ƙuda. Shi da rana yake yawo, shi ne yake ɗauko cutar nan da ke sa ganye ya ƙudundune ya yi rawaya, tumatir ya tsumbure ya ƙi 'ya'ya. In ya kama tsiro tun a bedi, to ka dasa cuta ne a gonarka, ba kuma magani gare ta ba. In zafi ya yi yawa, a yi wa rumfar inuwa daga sama da zana ko ganyen kaba a tsakiyar rana. Ba a ɗage gefe.

Tun da na ambaci farin ƙuda, bari in faɗi wata magana. Na ga gidan sauro sabo fil, irin wanda ake rabawa mata masu ciki a asibiti, an baza shi a kan bedin iri. Haba 'yan uwa! Yaro yana kwana sauro na cizon sa, tumatir yana kwana a gidan sauro? Kuma idonsa ya yi wa farin ƙuda faɗi, shigewa yake yi abinsa. Tsohon da ya gama aiki a ɗaki, in an ɗinke hujojinsa, yana iya tare sharon da fara da tsuntsu, ya fi babu. Amma ragar da ake so ita ce fara ta aikin gona, a wurin masu sayar da kayan noma, ka ce mai lamba 40 ko 50. In aka adana ta, ta wuce shekara ɗaya tana aiki.

Ga waɗanda ba su kafa ba tukuna, a gurguje:

Kada a yi bedi inda aka cire tumatir ko dankalin turawa ko yalo, tsutsar tana kwanciya a cikin ƙasa ta jira. A tara kara a ƙone a kan wurin kamar yadda iyayenmu ke yi.
Faɗin bedi mita ɗaya, tsawo gwargwadon ragarka.
A sami tsagin gora, ko fayif ɗin wayarin, ko siririn rodi, kamar mita biyu. A tanƙwara shi kamar baka, a soke bakin biyu a ƙasa. Tsakanin baka da baka taku ɗaya.
A ja igiya ta bi ƙoƙon bakunan daga farko zuwa ƙarshe, a ɗaure a turke, don kada iskar hunturu ta kwantar da su. In gora ce a kankare kaifinta, tana yaga raga.
Faɗin raga kada ya gaza mita biyu da rabi, don a sami rarar binnewa. Kada ta taɓa ganye.
Gefe ɗaya a binne shi da ƙasa gaba ɗaya. Ɗaya gefen a danne da doguwar sanda da buhunan yashi, ba dutse ɗaya nan ɗaya can ba. Bakin gaba da na baya a tattare a ɗaure kamar bakin buhu.
A rufe ranar da aka zuba iri. Ranar, ba sai ya tsiro ba, ba sai an ga ɓarna ba. Wannan ihu ne bayan hari.

Ban-ruwa kuwa, wanda shi ne dalilin buɗewar tun farko, ba ya bukatar a buɗe. Butar ban-ruwa mai shawa a baki, ka zuba ta saman ragar, ruwa zai sauka, har ma ya fi sauka a hankali bai tone iri ba. Abin da zai sa ka buɗe cire ciyawa ne ko rage cunkoso. Ka yi shi da sanyin safiya, kana tsaye a wurin, ka gama ka mayar da ragar da hannunka kafin ka ɗaga ƙafa. Kada ka ce bari in je in dawo. In yaro za ka aika, ka nuna masa sau ɗaya, ka kuma bi sawu. In ka ga huji ko na shigar yatsa ne, allura da zare, a ranar.

Sati uku zuwa huɗu ne kawai fa, iri ya yi ganye huɗu zuwa shida a kai shi dashe. Masu son rufe kabeji ko latas har girbi, rumfar ɗaya ce, sai dai a ƙara mata tsayi. Kokwamba da kankana da kabewa kuma a yaye musu da zarar sun fara fure, ƙudan zuma suke bukata.

Baba dai mun cire tsiron da ya kamu mun binne shi nesa da bedin, sauran muna dubawa kullum, Allah Ya sa a tsira da rabi. Jikan ma na zaunar da shi na nuna masa tsutsar a tafin hannunsa. Mako mai zuwa zan sake zagayawa lambunan nan huɗu in Allah Ya kai mu, kuma wannan karon ba da safe zan zo ba, sai an idar da sallar magariba.