Waiwaye: Yadda karatu ya rabu hanya biyu tsakanin Bolonya da Ohrid

A shekarar 1888 birnin Bolonya na Italiya ya yi gagarumin bikin cikar jami'arsa shekara 800. Sai dai babu wata takarda da ta ce an kafa ta a 1088. Kwamiti ne ya zauna, ya duba zamanin da aka fara jin ɗuriyar masu koyar da shari'a a garin, ya tsayar da shekara. Tun daga nan gardamar "wace ce jami'a ta farko" ba ta kwanta ba. Mu mukan kawo Al-Ƙarawiyyin ta Fas da aka kafa a 859, ko Azhar ta Alƙahira. A Bulgeriya da Masedoniya ta Arewa kuwa za ka ji ana cewa makarantar Ohrid, wani gari a Masedoniya ta Arewa ta yau, ce jami'ar farko ta mutanen Slav, wato dangin Rashawa, Sabiyawa, Bulgeriyawa, Cek da Folan. Kowa na da hujjarsa, amma gardamar takan tsallake tambaya guda: me kalmar take nufi a bakin waɗanda suka fara amfani da ita?

A Latin, universitas, tushen kalmar jami'a a harsunan Turai, sunan ƙungiya ne kawai, irin wadda maƙera ko masaƙa kan kafa don kare sana'arsu. Ba gini ba ne, ba kuma yawan fannoni ba. A Bolonya ɗalibai ne suka haɗa tasu. Magidanta ne, da yawansu masu hali, sun baro ƙasashensu don su karanta dokokin Rumawa da Sarki Justiniyan ya tattara, waɗanda malamai irin su Irnerius suka farfaɗo da karatunsu. Baƙo a garin ba shi da gata. Mai gida ya tsawwala masa haya, kuma idan wani ɗan ƙasarsa ya gudu da bashi, shi ake kamawa. A tsakiyar ƙarni na 12 Sarki Frederick Barbarossa ya yi dokar da ta hana wannan kamun, amma abin da ya fi tsare ɗaliban shi ne haɗin kansu.

Da suka ji ƙarfi sai suka juya kan malamai, tunda daga aljihunsu ake biyan malaman. Dokokin ƙungiyar sun wajabta wa malami ya fara darasi da bugun ƙararrawa, ya kuma tsaya da bugunta. In ya tsallake babi, tara. In ɗaliban da suka zo ba su kai biyar ba, a lissafa masa fashi. In zai bar gari sai ya nemi izini, ya kuma ajiye kuɗin jingina don a tabbata zai dawo.

A Paris malamai ne suka riƙe ragama, karatun kuwa ya tsiro ne daga makarantar cocin Notre Dame. A 1229 wasu ɗalibai suka yi rigima da mai gidan giya kan kuɗin abin da suka sha, aka lakaɗa musu duka. Washegari suka dawo da gayya suka farfasa wurin. Uwar sarki, Blanche, wadda ke riƙon sarauta, ta sa dogarai su hukunta su, aka kashe ɗalibai da dama. Malamai suka rufe darasi suka watse, wasu Angers, wasu Orleans, wasu har Oxford. Shekara biyu aka yi a haka, sai a 1231 Fafaroma Gregory na 9 ya ba su takardar da ta amince musu da 'yancin tsara dokokinsu, har da na dakatar da karatu in an zalunce su. Iyayen da ke kukan yajin aikin malaman jami'a su sani abin ya daɗe. Ta irin wannan ƙaura aka samu Cambridge a 1209 daga Oxford, da Padua a 1222 daga Bolonya. Ƙungiyar da ba ta da gini ba ta da abin da za a ƙwace mata, kuma duk inda ta sauka da Latin ake karatu.

Latin ɗin nan shi ne mararrabar. Sama da shekara 200 kafin zamanin Irnerius, a 862, Rastislav, sarkin Morabiya, wata ƙasar Slav a tsakiyar Turai, ya aika wa Sarkin Rumawan Gabas Mika'ilu na 3 cewa yana son malaman da za su koyar da addinin Kirista da harshen mutanensa. Akwai siyasa a ciki, domin yana son rage tasirin limaman Jamusawa. A 863 aka turo masa 'yan'uwa biyu daga Tasalonika, Constantine, wanda daga baya ya ɗauki sunan Cyril, da wansa Methodius. Constantine ya ƙirƙiro haruffan Glagolitic, saboda harshen Slav na da sautukan da babu su a Girkanci, irin matsalar da masu ajami suka sha da tsa da ɓa. Suka fassara Linjila da littattafan ibada, suka tara almajirai.

Ba su sha da daɗi ba. Akwai limaman da suka dage cewa da harsuna uku kaɗai ake yabon Ubangiji: Ibrananci, Girkanci da Latin. An ruwaito cewa a Venice Constantine ya tambaye su ko ruwan sama ba kan kowa yake sauka ba. Fafaroma Adrian na 2 ya amince da littattafansu, amma Cyril ya rasu a Rum a 869, Methodius ya yi fiye da shekara biyu a tsare a hannun bishop-bishop na Bavariya, da ya rasu a 885 kuwa aka kori almajiransa, har aka sayar da wasu bayi.

Faɗuwa ta zo daidai da zama ga Boris na 1, sarkin Bulgeriya, wanda bai daɗe da karɓar Kiristanci ba, kuma ba ya son limaman Girkawa su mamaye masa ƙasa. Ya karɓi Clement da Naum, biyu daga cikin almajiran da aka kora. Naum ya zauna a fada, inda makarantar Preslav ta bunƙasa, kuma a da'irarta ne aka tsara haruffan Cyrillic daga na Girkanci, aka sa musu sunan Cyril, mutumin da bai taɓa ganinsu ba. Clement ya tafi yankin Ohrid a 886. Tarihin rayuwarsa, wanda aka rubuta kusan shekara 200 bayansa, ya ce cikin shekara bakwai ya yaye ɗalibai kimanin 3,500, kuma ya siffanta shi yana nuna wa wannan yaro siffar baƙi, yana fassara wa wancan ma'ana, yana kama hannun na ukun yana koya masa rubutu.

Wannan hoton ya fi kama da zauren malam fiye da Bolonya, kuma ban faɗi haka don rage masa daraja ba. Makaranta ce da ta rataya ga malami guda da sarkin da ya ɗauki nauyinsa. Ba ta da ƙungiyar da za ta yi jayayya da fada, ba ta da shaidar digiri. Abin da ta bayar wani ne daban: karatu da harshen da uwa ke yi wa ɗanta magana. Littattafan Bulgeriya su ne suka isa Kiev bayan sarkinta Vladimir ya karɓi addinin a 988. Tarihin ƙasar ya ce da ya ɗebi 'ya'yan manya ya sa su karatu, iyayensu mata sun yi ta kuka kamar an yi musu mutuwa. Amma harshen gida ya zo da tsadarsa, domin mai karatu ba ya samun sai abin da aka fassara, mafi yawa littattafan ibada da wa'azi, a daidai lokacin da ɗalibin Paris ke karanta Aristotle da sharhin Ibn Rushd da Latin.

Mutanen Slav da suka bi cocin Rum sun shiga sahun jami'a da wuri: Prag a 1348, Krakow a 1364. A Prag ma, da sarki ya fifita ƙuri'ar 'yan ƙasa a jami'ar a 1409, Jamusawa suka tattara suka kafa jami'ar Leipzig. Ɓangaren Otodoks, wato masu bin cocin Gabas, ya yi jinkiri: an kafa kwalejin Kiev a 1632, jami'ar Mosko kuwa sai 1755.

Jinkirin jami'a bai hana rubutu yaɗuwa ba. Tun 1951 masu tono a Novgorod ta Rasha ke zaƙulo wasiƙu a kan ɓawon itace, fiye da dubu zuwa yanzu, na bashi, na ciniki, na saƙon gida. A cikinsu akwai na wani yaro Onfim, na ƙarni na 13. Ya fara jera baƙaƙe, da ya gaji sai ya zana kansa a kan doki yana soke abokin gaba da mashi, ya rubuta sunansa a gefe.