Sankarar babban hanji kafin shekara 50

Sankarar babban hanji cuta ce da ke kama babban hanji ko ƙarshensa, dab da dubura. Takan fara da ɗan tsiro wanda ke shafe shekaru kafin ya rikiɗe. Da dattawa aka san ta, amma tun wajajen shekarun 1990 take ƙaruwa ga waɗanda ba su kai 50 ba, har Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45 a 2021.

Gado

Cikin abubuwan da ke jawo cutar, a nan hujja ta fi ƙarfi. A 1913 likita Aldred Warthin na jami'ar Michigan ya wallafa labarin wata zuri'a da sankara ke bi, kaka da jika. An ce mai yi masa ɗinki ce ta fara kai masa kukan danginta, wajajen 1895, kuma sankarar mahaifa ce ta yi ajalinta. Henry Lynch ya sake tono zancen a 1966, shi ya sa wannan larura ta gado ke ɗauke da sunansa. Akwai wata ta gado mai cika hanji da ɗaruruwan tsiro tun ƙuruciya. In ba a yi aiki ba, da wuya mai ita ya tsira. Wanda uwa, uba ko ɗan'uwansa ya yi cutar, haɗarinsa ya kusa ninkuwa.

Abinci da yanayin rayuwa

Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Uganda, ya danganta ƙarancin cutar a Afirka da cin hatsi, wake da ganye. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Lyon, a Faransa, ta sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke haddasa ta. Sai ƙiba, ciwon suga, taba, barasa da daɗaɗɗen kumburin hanji. Batun lemon kwalba da ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji kuwa, ana kan muhawara.

Jinkiri

Abin takaici, matasa sun fi zuwa likita cutar ta riga ta yi nisa. Magidanci a Tawa zai ga jini a bayan gida, a ce basir ne ko atuni, ya yi wata da watanni yana shan jiƙo. Kunya ta hana shi faɗi. Wando ya soma yi masa yawa, ido ya yi fari don ƙarancin jini. Kafin a tura shi Yamai a leƙa hanjin da na'ura, sau da yawa cutar ta kai hanta.

A Nijar

Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, inda aka fara yi wa masu sankara magani ta hanyar gashi da haske a 2021.