Mece ce ƙirƙirarriyar basira, kuma me take ƙara wa ƙaramin ɗan kasuwa?

Ƙirƙirarriyar basira ita ce abin da Turawa ke kira AI: manhajar da aka horar da ɗimbin rubutu, hotuna ko alƙaluma har ta iya amsa tambaya, rubuta wasiƙa ko ba da shawara. Kalmar ta cika bakin jama'a bayan fitowar ChatGPT, wata manhajar AI da ake hira da ita, a watan Nuwamba 2022. Sai dai "basira" ɗin nan tana ruɗar mutane. Manhajar ba ta san kasuwar unguwarku ba, ba ta san wane abokin ciniki ne ke cin bashi ya ɓace ba. Tana jera kalmomi ne bisa abin da ta tsinta a rubutun da aka horar da ita da shi.

To, tana ƙara wa mai shago riba kuwa? An gwada a Kenya a 2023. Masu bincike daga jami'o'in Berkeley da Harvard na Amurka sun ɗauki ƙananan 'yan kasuwa 640, suka haɗa wasunsu da mashawarci na GPT-4 (manhajar AI ce ta kamfanin da ya yi ChatGPT) ta WhatsApp, sauran kuma aka ba su rubutaccen jagoran kasuwanci. Da aka haɗa sakamakon kowa, babu wani bambanci na a zo a gani. Amma da aka tantance su, sai ga abin da ya dame ni: waɗanda dama kasuwancinsu ke tafiya sun ƙara gaba, masu tangal-tangal kuwa sun ƙara komawa baya.

A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar za ta zubo maka shawara biyar cikin daƙiƙa. Gogaggen ɗan kasuwa ya san wadda ta dace da rumfarsa. Wanda jari ya yi wa ƙaranci kuwa, in aka ce masa ya rage farashi ko ya kashe kuɗi kan talla, yana iya bi ido rufe, ɗan abin da ke hannunsa ya salwanta.

Inda take taimakawa ba gardama shi ne ƙananan ayyuka masu cin lokaci: tsara saƙon talla, lissafin kuɗin kaya da ribar kowane guda, rubuta wa dillali wasiƙa. Ko a nan ɗin ma sai da waya mai intanet, kuɗin data da wutar caji. Sannan amsarta da Turanci ta fi ta Swahili ko Hausa inganci, domin rubutun harsunan nan da ke intanet kaɗan ne.